Robar Siket da Igiyoyin Nauyi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Samaru, malaminmu na fiziks ya ɗora mini yin bayani a gaban aji kan igiyoyin nauyi. Girgiza ce mai tafiya kamar igiyar ruwa, sai dai sararin samaniya ne da kansa yake motsi, idan matattun taurari biyu masu tsananin nauyi suka yi karo. Lissafin na haddace shi tsaf. Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne yadda igiyar take ƙara tsawo a hanya, wai don sararin da take ratsawa yana ta buɗewa.

Ana saura kwana uku in yi bayanin, na hau bas zuwa Sabon Gari karɓo ɗinkina wajen wata tela, dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, ƙawar mahaifiyata. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, wa ya taɓa ki?"

"Karatu ne, Mama."

"Zauna ki faɗa mini. Ƙafata ce ke taka keke, kunnena ba ya aikin komai."

Na yi ta zuba, tana ɗinki. Can ta tsaya.

"Wa yake jan igiyar?"

"Ba kowa. Hanyar ce take miƙewa."

Ta yanko farar robar siket, ta bi ta da jan zare, ɗinki mai hawa da sauka. Ta ba ni gefe ɗaya, ta riƙe ɗayan.

"Ƙirga tudun ɗinkin. To, ja a hankali."

Na ja. Ɗinkin ya buɗe, ya ɗan kwanta.

"Sake ƙirgawa."

Ko ɗaya bai ɓace ba, tazararsu ce ta ƙaru. Nan take na gane: girgizar da ta taso da sauri-sauri za ta iso mana a sanyaye, tsakanin tudu da tudu ya yi nisa, gwargwadon yadda sararin ya buɗe tun tasowarta.

Ranar bayani na fito da robar, aji ya kwashe da dariya. Da na ja ta, kowa ya zuba wa ɗinkin ido. Malam ya tambayi inda na samo dabarar, na ce wajen tela. Ya roƙi in bar masa ita.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi a Hanwa. Idon Mama ya yi rauni, ta ajiye keke. Nakan kai mata lemo gidanta a unguwar Muchia ranar Lahadi, bayan ta dawo daga coci. Duk lokacin da na yi godiya, sai ta ce, "Ke dai ɓare mana lemon nan."