Kogon da Ke Ƙarƙashin Gidan Dattijo

A shekarata ta biyu ina ci-rani a garin Sabha na ƙasar Larabawa, ni da abokin aikina, wani Bakano, muka samu aiki a unguwar Hajara. Bangon gidan wani dattijon Balarabe ne ya tsage, tsagar da hannu zai shiga. Shi dai ya rantse aikin aljanu ne. Ɗansa kuwa ya ɗauko injiniya, wanda a can ake kira muhandis, ya auna ko ƙasar da ke ƙarƙashin tushen ginin ta daɓu.

Muka haƙa rami a jikin bango har gindin siminti ya bayyana. Muhandis ya kafa wani dogon ƙarfe mai tsini, ya ce in riƙa ɗaga gudumar da ke jikin ƙarfen ina saki, shi yana ƙirga bugu. In ƙasa na da ƙarfi, sai ƙarfen ya sha bugu kafin ya nutse.

Dattijon na tsaye a kanmu yana cika baki: "Mahaifina a kan dutse ya yi ginin nan!"

Ban yi wani bugun kirki ba ƙarfen ya zurma kamar ludayi a kunu. Muhandis ya ce, "Akwai kogo a ƙasa."

Bakanon, da bakinsa ba ya shiru, ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Ya Haj, a garinmu irin wannan kogon tukunyar zinariya ake samu."

Wasa yake yi, amma idon dattijon ya sauya. Nan take ya ce aiki ya tashi, ya kore mu har da muhandis, ya kulle ƙofa. Muka zauna a shagon da ke kallon gidan muna shan shayi, muna jin ƙarar diga daga ciki. Mutumin da ko buta sai an miƙo masa!

Kafin la'asar muka ji salati, sai wari ya biyo baya. Ashe tsohon masai ne mahaifin nasa ya rufe da kwano, ya ɗora ɗaki a kai. Dattijon ya fito, jallabiya ta ɓaci har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya.

Bakanon ya raɗa min da Hausa, "Ya dai ci gadon mahaifinsa."

Na ƙunshe dariya har shayi ya biyo min ta hanci.

Washegari aka sake kiranmu. Muka yashe ramin, muka cika shi da tsakuwa muna daɓewa, muhandis na aunawa har ya gamsu. Dattijon ya sa muka yi alkawarin ba mai ji daga bakinmu, alhali maƙwabta tun daren jiya suke ta ƙona turaren wuta a ƙofar gidajensu.