Gidan da Ke Layi na Huɗu

A danginmu ni ne mai riƙe da jerin gidaje. Ba don na fi kowa zumunci ba, don dai ni ke da kwamfuta. Duk mai aure ko suna wurina yake zuwa in fitar masa da katin gayyata. Baƙo zai ɗauka sunan ango da amarya ne abin dubawa a katinmu na Damagaram. Ina! Su suna can ƙasa a matse. Abin da ake karantawa shi ne jerin: iyalan wane na Birni, iyalan wane na Zango, na Kano, na Agadas, kowa a matsayinsa. Ka sa ƙane sama da wa, sai a yi shekara ana gaishe ka daga nesa. In ka tsallake gida kuwa, ka sanar wa duniya ke nan cewa ba ku haɗa komai ba.

Na daɗe ina tara jerin nan, har na daina karanta shi. Sunan ango da rana kawai nake canzawa, a yi ta sa mini albarka.

Ana saura kwana shida ɗaurin auren 'yata ta fari, na zauna da hantsi zan fitar da katinta. Sai kwamfutar ta turo saƙon da ta yi wata uku tana damuna da shi: ga sabon tsari ya fito, mizajur, a danna nan. Kullum ce mata nake sai an jima. Ran nan girman kai ya motsa. Abokin aikina na biro, wato ofis, ya riga ya sa nasa, kowace safiya sai ya juyo mini fuskar kwamfutarsa in gani. Na ce auren 'yata guda, a buga katinta da tsohon yayi? Na danna.

Matata ta leƙo. "Malam, da ka fara fitar da katin tukuna."

Na ce mata aikin minti goma ne, kuma ba abin da ta sani ba ne. Allah ya gani, haka na faɗa.

Fuskar ta koma shuɗiya, wasu 'yan ɗigo suka hau zagaye, ta rubuta da Faransanci cewa kada a kashe ta. Ni na ji. Masu wuta ne ba su ji ba. Aiki bai kai rabi ba suka ɗauke, batirin kuwa ya mutu tun bara ina cewa zan canza. Da wuta ta dawo na danna, na sake dannawa, na yi bisimilla na danna. Baƙi ƙirin.

Na rungume ta a bayan kabu-kabu sai Zango, wurin mai gyara. Ya jujjuya ta ya ce, "Alaji, wa ya aike ka? Tsohuwa ce, kai kuma ka ɗora mata kayan da ya fi wuyanta. Ba ni kwana huɗu."

Ba ni da kwana huɗu. Washegari masu zuwa ƙauyuka za su tafi da katuna.

Matata ta ce in je wurin gwaggona a Birni, jerin nan a kanta yake, za ta zayyano mini shi tana tsintar wake. Na ƙi. Ni da na buga shi ya fi sau ɗari, in je in durƙusa gaban wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba? Na shiga wani shagon buga takardu na rubuto shi da ka. Na karanta sau biyu, na ga ya cika shafi, har na yaba wa kaina. Aka buga, aka raba.

Ranar jajibirin ɗaurin aure na karɓo kwamfutar. Sai ƙyalli take, sabon tsari ya hau daram, ba abin da ya ɓace. Na buɗe tsohon jerin don in tabbatar wa matata ƙwaƙwalwata garau take. A layi na huɗu sai ga gidan da na tsallake a katin: iyalan kawuna na Garagumsa.

Ƙanen mahaifiyata ne, manomi. A gidansa na yi kowane hutun lakwal, wato makarantar boko. Shi ya koya mini riƙe hauya, kuma tun da na yi aure ba kakar da ta wuce bai aiko mini da gero ba. Na tuna wani Alhaji na Kano da sau ɗaya na taɓa gani, amma ban tuna da kawuna ba.

Da la'asar ya iso, da buhun gero a bayan mota. Bayan gaisuwa ya zaro katin daga aljihu, a ninke. Ba ya karatun boko. Ya ce malamin lakwal na garinsu ya ba wa ya karanta masa, har sau biyu, ko ya yi tsallake.

Zauren cike yake da dangi. Sai yayana ya ce ai ordinatar ce, wato kwamfutar, ta lalace, kowa ya kama tsine mata. Ni ma na bi sahu, ban ko ji nauyin bakina ba.

"Kawu, ku yi haƙuri. Ita ta haɗiye sunaye."

Ya yi dariya, dariya ta gaske, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"To, alhamdu lillahi. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina ta neman abin da na yi maka. Ashe ƙarfe ne. Bar ta, ɗana, kada ku zage ta. Ita ta taɓa cin tuwon gidana ne da za ta san ni?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Kwamfutar tana ɗaki a buɗe, da sunansa a layi na huɗu.

Ya mayar da katin aljihu ya miƙe. "Taso ka kama mini buhun nan."