Dusar Kuɗi a Gonar Mahaifinmu

Gonar mahaifinmu tana bayan Arkilla, inda a da gari yake ƙarewa. Yanzu gidajen ma'aikata sun matso har kana jin ƙamshin girkinsu kana tsakiyar kunya. Ni ban taɓa zama manomi ba. Fataucin fata na yi, ta jar akuyar nan tamu, kuma shi ya kai ni Yamai da Agadas da Fas da Khartum, daga baya har wani garin majema a Italiya inda na yi shekara biyu. Ƙanena shi ya zauna ya riƙe gonar. Ba mu taɓa raba ta ba. Nawa aikin shi ne in zo da kaka in yaba, a ɗora mini dammunan hatsi a mota in koma gidana a Ƙofar Atiku.

Manoman da ke kewaye da birni suna da al'adar kwashe bolar gari da rani su kai gona. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, duk taki ne. Da jakai ake yi a da, yanzu da tifa. A zuba tsibi-tsibi, a bari sai ruwa ya kusa sauka a baje. Mahaifinmu haka ya yi, nasa mahaifin ma haka. Abin da kowa ya taso da shi shi ne duk abin da gari ya zubar, ƙasa za ta ci. Da leda ta shigo ta ɗan ɓata lissafin, amma leda ana ganinta, a sunkuya a tsince.

Wani rani direban da ya saba kawo wa ƙanena taki ya zo da wani kaya dabam. Tsofaffin takardun kuɗi ne da suka gama yawonsu, inji ya daddatsa su ƙanana kamar yankan alayyahu. Wani ɗan kwangila aka ba su ya kai can nesa ya ƙone a rami, shi kuma ya ba direban nan aikin kaiwa. Direban ya ga ɓarnar mai ce, ga gonaki nan kusa, ga manoma na neman taki. Kyauta ya riƙa zubawa. Kafin mako ya zagayo manoma sun raɗa wa abin suna dusar kuɗi, har ana rububi. Ƙanena ya karɓi tifa uku.

Ranar da na je, da dariya ya tarbe ni tun daga bakin hanya.

"Yaya, taho ka ga abin da ba ka gani ba duk yawonka na duniya. Gonag ga ta ci kuɗɗin da ni da kai ba mu taɓa riƙewa ba."

Na tsuguna na damƙi abin. Yana da wari na gumi da manja da busasshen kifi, warin aljihun mutane dubu. A hannuna na ji iri biyu ne. Wani yana da laushi kamar tsumma. Wannan na san shi, don a Italiya wani dattijo da muke aiki tare, wanda 'yarsa ke aiki a masana'antar takarda, ya taɓa gaya mini cewa takardar kuɗi ba daga itace ake yin ta ba, auduga ce ake dafawa a wanke a sake wankewa, da ruwa mai yawan gaske. Ɗayan kuwa santsi gare shi, yana zamewa tsakanin yatsu. Ƙananan kuɗin nan ne na leda, su biyar da goma da ashirin da hamsin.

Na ce masa, "Wanga mai santsi ba ya ruɓewa."

Ya ce, "Kuɗɗi ai takarda na, Yaya. Ƙasad da ta cinye ƙashin jaki mi za ta bari?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina, kuma ban taɓa ɗora shi kan kowa ba. Na ga kamar bai dace mai cin hatsin kyauta ya tsaya yana koya wa manomi taki ba. Aka baje dusa, aka bi da garmar shanu, ta shige ƙasa.

Da damina ta sauka, ɓangaren auduga ya jiƙe ya cakuɗe, rana ta fito ya bushe ya yi ɓawo a saman ƙasa. Na leda kuwa ko gezau. Inda aka fi zubawa ruwa ya riƙa kwanciya maimakon ya nutse, hatsi ya fito siriri, rawaya-rawaya, wasu ramukan ma ba su tsiro ba. In ka tsaya da hantsi ka dubi gonar sai ka ga tana ƙyalli kamar an watsa ɓawon kifi. A shekarar ba a ɗora mini dami ko ɗaya ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da ya karya wa ƙanena zuciya ya zo bayan girbi. Akwai wani Bafulatani da yake kawo shanunsa duk shekara su ci kara su bar mana kashi, tun zamanin mahaifinmu ake wannan hulɗa da gidansu. Ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya dubi ƙasa, ya juya garkensa. Na bi shi muka yi magana da Fulatanci. Ya ce ya yanka maraƙin da ya yi kiwo a wata gonar da aka zuba irin wannan abin, ya tarar da shi cunkus a tumbi. Ya ce ba gaba ba ce, amma shanunsa ba za su sa baki a nan ba.

Daga nan ƙanena ya fara maganar sayarwa. Akwai dillalin filaye da ya daɗe yana zarya, yana cewa masu gina rukunin gidaje suna so. A da ko ruwa ba ya ba shi. Yanzu sai ga su zaune kan tabarma ɗaya.

"Gona ta mutu, Yaya," in ji shi. "Ni na kashe ta da hannuna. Bari su zuba mata siminti in huta da ganinta."

Na ce ban yarda ba. Ya ce ni ba ni ke duƙawa ba. Gaskiya ya faɗa, don haka na ce to zan duƙa. Na roƙe shi rani ɗaya. In ruwa ya sauka gona ba ta gyaru ba, ni da kaina zan sa hannu a takardar ciniki.

Ya fara gwada hanyar da ya sani. Ya share wani yanki ya tara ya cinna wuta, kamar yadda ake ƙone sassabe. Hayaƙin baƙi ne, mai kama maƙogwaro, iska ta kwashe shi ta kai gidajen ma'aikata har wata mata ta fito tana faɗa ta kan katanga. Da wutar ta mutu, ledar ba ta zama toka ba, narkewa ta yi ta dunƙule da yashi kamar kwalta. Na tsaya ina kallo, na tuna cewa da direban ya bi umarnin da aka ba shi, wannan hayaƙin ne dai zai tashi a ramin can, sai dai wasu ne za su shaƙa ba mu ba. Na ce kada a sake kunna ashana a gonar nan.

Na je kasuwa na sayo ragar waya irin ta magina, kafinta ya yi mata katako. Kullum bayan sallar asuba in hau keke daga Ƙofar Atiku, in sauka a ƙarshen kwalta in taka. In kankaro ƙasar sama da shebur in zuba a rariya in girgiza. Ina da shekara saba'in da 'yan kai a lokacin, gwiwoyina sun san haka ko da ni na manta. Kwana goma ina yi, abin da na tace bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma ƙananan gutsattsarin suna bin yashi su wuce ta raga.

Matar ƙanena ce ta cece ni. Ta kawo fura wata rana, ta tsaya tana kallona, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Alhaji, wanga aiki ba na magina ba na, na mata na. Abin da ya hi ƙasa sauƙi ai sheƙe shi aka yi."

Ta ɗauki ƙwaryar furar bayan na shanye, ta cika da busasshiyar ƙasa, ta juya wa iska gefe, ta ɗaga sama ta tsiyayo kamar mai sheƙar hatsi. Yashi ya zubo a gabanta, ledar ta tashi ta yi gefe. Matsalar ita ce iska za ta kai ta gonar maƙwabci. Washegari ta zo da tsofaffin gidajen sauro guda uku, muka kafa sanduna muka ɗaure su ta inda iska ke bi. Duk abin da ya tashi sai ya maƙale a raga. Na yi yawo a ƙasashe, na ga injuna iri-iri, ban ga dabarar da ta burge ni kamar wannan ba. Ta kira mata biyu daga maƙwabta, ni ina haƙa ina kawowa, su suna sheƙa. Ƙanena bai sa hannu ba. Yakan zo ya zauna a inuwa ya tafi.

Labari ya kai gari. Taubashina, ɗan gwaggona, baduku ne a tsohuwar kasuwa, kuma tun muna yara bai taɓa raga mini ba. Ya yi takanas ya hau babur ya zo kallo.

"Ashe gaskiya na! Bature ya talauce, yana tonon sulai cikin ƙasa. In ka haɗa naira guda ka ranta min."

Na ce, "Kai da ko jima ba ka iya ba sai ɗinki, wa zai ranta maka? Sauko ka kama shebur."

"Allah shi kiyashe ni. Ni bawanka na?"

"Tun ran da anka haihe ka."

Ya zagaya ya ga buhunan da muka cika, ya tura hannu cikin ɗaya, ya matsa, ya sake matsawa. A lokacin ban san inda zan kai su ba. Ba zan ƙone ba, ba zan binne ba, in na kai bola kuma wani manomin zai kwaso ya mayar gonarsa. A Turai na taɓa ganin tukwanen fulawa da aka ce da tsofaffin kuɗin leda aka narka aka yi su, amma a nan ban san mai yin haka ba. Taubashina ya ce a wanke masa buhu biyu a shanya. Ya cusa a tim-tim, matashin fatar nan da ake kishingiɗa a kai, ya ce ya fi tsumma riƙe siffa kuma ƙwari ba sa ci. Daga baya ya kwashe sauran duka, yana gaya wa masu saye cewa kan dukiya za su zauna. Na san ba magani ba ne. Ranar da fatar ta yage, ledar tana nan yadda take. Amma dai ta bar ƙasa ta shiga ɗaki, kuma na samu shekaru kafin a sake tambayar inda za a kai ta.

A wannan ranin, ina duƙe, na yi tunanin kuɗi fiye da duk zamanin da nake fatauci. Ko wane ɗan gutsure da ya maƙale a gidan sauro, an noma masa auduga ko an haƙo masa mai, an kashe masa ruwa da tawada, an ɗauko shi a mota mai sulke da rakiya. Mu kuma mu dunƙule shi a tafi, mu karɓa da hannun manja, mu liƙa a goshin amarya ya faɗi a tattake. A Fas na ga mai kanti yana shafa takardar kuɗi da tafin hannu ya miƙar da ita kafin ya ajiye. A Yamai mai tebur ya taɓa mayar mini da wata don ta ɗan yage, na yi fushi a lokacin. Ba na cewa sun fi mu hankali. Sai dai takardar da ta daɗe a hannu ba a buga wata a madadinta, ba a kuma neman ramin da za a kai ta. Taubashina ya ɗinka mini ɗan alabe na ajiye kuɗi, tun daga lokacin ban ƙara cusa kuɗi a aljihu a dunƙule ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas muna da kusan kashi ɗaya cikin uku da ba mu taɓa ba. Wa'adina ya cika ke nan, aiki bai ƙare ba. Dillali ya zo da safe da takardunsa a jaka. Na zo na tsaya da shebur a hannu, don na yi alkawari kuma ba zan tashe shi ba.

Ƙanena ya miƙe. Ya shiga inda muka sheƙe, ya yi tafiya har tsakiya, ya tsuguna ya tona da hannu har wuyan hannu. Ya ɗebo ƙasar ya murza, ya buɗe tafinsa ya duba. Ya matsa gaba ya sake. Sau biyar ko shida ya yi haka, mu muna tsaye. A wani wurin ya tsinci ɗan gutsure ɗaya, ya sa a aljihu. Sannan ya dawo yana karkaɗe hannu.

Ya ce da dillali, "Malam, ka yi haƙuri, ka sha rana a banza. Ba mu saidawa."

Dillali ya ce ai ga can gefen yamma har yanzu yana ƙyalli.

"Na gani. Wancan ba a shibka shi bana." Ya juyo gare ni. "Yaya, kai ba ka iya riƙon shebur ba, tun watan jiya nike kallonka ina jin haushi. Kawo nan."

Ya karɓa ya nufi gefen yamma. Bayan kwana huɗu ruwan shuka ya sauka, muka shuka kashi biyu. Ragowar ta ci mana wani ranin cur, ni da shi da matan nan uku, kuma har yau in aka yi huɗa akan ga ɗaya-ɗaya ta fito, mu sunkuya mu tsince.