Dusar da nake mayarwa garin Kaka

A gidanmu na Sandamu ni ce mai tankaɗe. Ba na iya doguwar magana, amma garin da ya bi ta rariyata ko tsaki ɗaya ba a samu a ciki.

Shekarar da aka ƙara wa hijabinmu na makaranta tsawo, Kaka ta kwanta da zazzaɓi. Ta sha kafso iri-iri har ta tashi, sai dai cikinta ya ɗaure. Takan daɗe a bayan gida, ta fito tana dafa bango. Baba ya ce tuwonta ne ya yi kaushi. Ya sa a riƙa surfe dawarta sosai, ni kuma in tankaɗe sau biyu, dusar a zuba wa akuya.

Ana nan malamarmu ta kimiyya ta ce akwai ƙananan halittu a hanjin mutum waɗanda ba cuta suke kawowa ba. Harzar abinci irin dusa suke ci, su fitar da wani irin mai da hanji ke rayuwa da shi. Ta ce yawan kafso ma yana kashe su. Na sunkuyar da kai ina tuna yadda gashin akuyarmu ya fara sheƙi.

Ban iya gaya wa Baba ba. Sau da yawa nakan je bakin zaure, in dawo. Sai na koma ɗibar dusa da tafin hannu, in kirɓa ta, in mayar cikin garin Kaka idan Umma ta juya baya.

Ran nan Baba ya gutsiri tuwon Kaka, ya murza shi a yatsa.

"Ke, abin da na ce a ba tsohuwa ke nan?"

"Wallahi an surfe, Malam," in ji Umma.

"An surfe? To wannan ja-jan daga sama ya faɗo?"

Kaka ta janye kwanonta. "Kai, bar mini abina. Da can ma alli kuke ba ni."

Baba bai saurare ta ba. Ya yi ta faɗa har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ina tsaye da buta ina ji yana yi wa Umma faɗa a kan laifina.

Washegari Umma ta ɗauki taɓarya, ta sake surfe dawar da kanta, ga bayanta da ke ciwo tun haihuwar auta. Da ta gama ta miƙo mini ƙwaryar dusa.

"Ungo, kai wa akuya."

Na kai rabi.