Tanar Tudu a Ruwan Gishiri

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu game da mutum ba da izininsa ba. Na fara na bari, na sake farawa na sake bari. Wani lokaci nakan ce wa kaina, wa zai damu da labarin koton kifi alhali a shekarun nan mutane sun binne iyaye da 'ya'ya? Amma abin ya ƙi barina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Ina aikin faci a wani gareji a Sanaiya, unguwar masana'antu da ke bayan Doha. A ɗakin da kamfani ya ba mu, gadona ne na sama, na ƙasa kuma na wani dattijo ne mai wanke manyan motoci. Bakabe ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi. Ni kuma Bakatsine, don haka tun ranar da ya ji garinmu ya ce Allah ya kawo masa bawa har Ƙatar, da yake Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne. Ina ce masa Baba, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Bakatsine.

Gidansu masunta ne tun kakanni. Gulbin nasu ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, ya bar kamun kifi ya shiga wasu sana'o'i har ƙafa ta kawo shi nan. Shekarunsa sun ja, kuma kafil, wato mai riƙe da takardunmu, ya riga ya gaya masa cewa in wannan izinin zaman ya ƙare ba za a sabunta ba. Baba bai yi gardama ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yana da yaya a gida, tsoho mai kwalekwale, wanda duk lokacin da suka yi waya sai ya tambaye shi wane irin kifi ne a teku. Baba ya ce ba zai koma ya zauna a gaban yayansa ya ce ya yi shekaru kusa da ruwa mafi girma da Allah ya yi, amma bai fitar da kifi ko ɗaya da hannunsa ba. Kifi ɗaya yake so, ko da kamar tafin hannu ne.

Akwai direban bas ɗin kamfani, mutumin Zangon Kumasi, mai son fatsa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan ɗauke mu zuwa wani bakin teku mai duwatsu a kudancin gari. Ni ban san komai a harkar ba, riƙe bokiti ne nawa da kuma waige-waige. Kullum sai na tambayi direban ko ya tabbata an yarda a yi su a wurin, kullum sai ya nuna mini Indiyawa da Larabawa jere da sandunansu, amma hankalina ba ya kwanciya. Baba yakan ce, "Bakatsine, mi ka sani ga ruwa in ban da na buta? Zauna."

Direban yana da ɗan akwati mai ɗakuna. A ciki akwai kifin roba mai ido kamar na gaske, da wani ƙarfe mai kama da cokali wanda yake walƙiya in ana jan shi. Ya ce waɗannan na kifayen da ke bin 'yan uwansu da gudu ne, kuma sun fi ci da sassafe ko dab da magariba. Na ƙasa kuwa, masu kiwo tsakanin duwatsu kamar wanda ake kira shari, jatan lande suke so, a ɓare shi a soka a ƙugiya da 'yar dalma. Yakan sayo jatan landen a kanti, daskararre. Ranar farko ya miƙa wa Baba ledar da hannu biyu, ya ce Baba ya ɗiba.

Baba ya yi godiya ya ƙi. Ya ce a gidansu ba a sayen koto, ba a kuma karɓarsa a hannun wani. Mahaifinsa ya koya musu cewa wanda ya sayi koto ya riga ya sayi kifin, gara ya tafi kasuwa ya huta. Koto da hannunka za ka tono shi, ko ka kamo shi, ko ka haɗa shi. Kifin roba kuwa ya juya shi ya duba, ya ce wannan yaudara ce ta ƙarshe, a ce dabba ta mutu ko ɗanɗanon abinci ba ta ji ba.

Ya fara da sabulu. A gulbinsu tarwaɗa tana son sabulu, sai a yanka ƙanana a soka. Ya jefa, ya jira, ya jawo ƙugiya fes. Direban ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce Baba ya zo yi wa kifin Ƙatar wanka. Juma'ar da ta biyo ya zo da gayan tuwon da ya kwana, ya murza shi da manja. Ƙananan kifaye suka tsattsage shi kafin ya kai ƙasa. Direban na gefe yana fitar da shari, Baba yana taya shi cire ƙugiya yana yaba kifin, yana duba bakinsa da haƙoransa. In aka ba shi ya kai ɗaki yakan karɓa, ya soya mana, amma yakan ce wannan na direba ne.

Daga nan ya ce tana ce maganin abin, don bai taɓa ganin kifin da ya ƙi tana ba. To ina tana a Doha? Ƙasa duk rairayi da dutse. Sai ya lura da furannin da ake shukawa a tsakiyar titi, waɗanda ake kawo wa baƙar ƙasa, ana ba su ruwa da siririn bututu. Wata safiyar Juma'a ya ja ni muka je, ya tsuguna da cokali yana tono gindin fure. Ni ina tsaye, duk motar da ta rage gudu sai in ce ta 'yan sanda ce. Na roƙe shi ya bari, na ce in aka kama mu me za mu ce. Ya ce in ce musu ubangijina nake gadi. Ya samu 'yan kaɗan, sirara, ya mayar da ƙasar ya daddanna ta kamar yadda ya same ta.

Ban manta yadda ya soka ta farko ba, a hankali, da bisimilla. Ya jefa, bai daɗe ba ya jawo don ya duba. Tanar ta yi fari, ta sandare, gishiri ya kashe ta. Ya sa wata, haka. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Direban ma bai yi dariya ba ranar. A hanyar komawa Baba ya ce wataƙila tanar ba ta yi ƙwari ba ne, in ya kiwata ta ta yi ƙiba za ta jure. Ya samo bokitin fenti, ya zuba sauran da ƙasa, ya ajiye a inuwa inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, yana ba su ganyen shayi da ɓawon dankali.

Sai korona ta zo. Aka rufe ɓangarenmu na Sanaiya, ba shiga ba fita. Gareji ya tsaya. Ni na zama abin tausayi, ina wanke hannu har fata ta tsage, in wani ya yi tari a ɗakin in kasa cin abinci. Baba kuwa kowace safiya sai ya je wurin bokitinsa. Shi ne cutar ta kama. Aka zo da mota aka tafi da shi, yana fita yana ce mini in kula masa da dabbobinsa. Na kula iyakar iyawata. Amma zafi ya shigo, irin wanda ƙarfe ba ya taɓuwa, kuma wata rana na tona na tarar ba sauran mai motsi. Da ya dawo na gaya masa tun bai zauna ba, don ba na iya riƙe irin wannan. Ya ce ba komai, dama ba ƙasarsu ba ce. Ya rame, kuma in ya hau matakala sai ya tsaya a tsakiya ya nemi numfashi.

An daɗe kafin a bar mu mu koma bakin teku, da takunkumi a fuska. Ranar da muka je ruwa ya janye nesa, ya bar laka da duwatsu a fili. Baba bai zo da koto ba, ya ce iska kawai zai sha. Ya zauna yana kallon wasu tsuntsaye masu dogon baki suna caccakar laka. Can sai ya miƙe, ya naɗe wando, ya nufi inda suke. Na bi shi ina cewa akwai kwalba, akwai abin da zai sare shi, ruwan zai iya dawowa ya rutsa da mu. Bai kula ni ba. Ya kifar da wani dutse, ƙananan ƙaguwa suka watse. Ya sa hannu cikin lakar ya tona, ya zaro wata doguwar tsutsa ja mai ƙafafu kamar gashi. Ya ɗaga ta yana haki.

"Ashe ruwan ga da tanarsa," in ji shi. "Duk shekarun ga, ashe da tanarsa, ni ina ta kawo mai baƙuwa."

Muka tara a gwangwani, muka jira ruwa. Ya dawo a hankali, rana ta riga ta yi ƙasa, direban yana duba agogo don dole bas ya koma kafin magariba. Baba ya soka, ya jefa, ya naɗa zaren a yatsa kamar yadda suke yi a gida, don shi ba ya amfani da sanda. Ba a jima ba na ga zaren ya miƙe. Ya fizga, abin ya fizge shi. Ya fara ja yana saki, yana ja yana saki, fuskarsa ta canza, ban taɓa ganinsa haka ba. Sai tari ya sarƙe shi. Ya durƙusa, zaren ya yi sako-sako, kifin ya samu dama ya shige ƙarƙashin dutse. Direban ya taho da gudu zai karɓa, Baba ya ɗaga masa hannu alamar kada ya taɓa. Da numfashinsa ya dawo ya ja, zaren ya gogi dutse ya tsinke.

Na zaci zai yi baƙin ciki, amma a cikin bas murmushi yake. Ya ce ruwan ya amsa masa sallama, saura a gaisa, Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu.

Juma'ar ba ta samu ba. Ruwa ba kullum yake janyewa a lokacin da muke da hutu ba, kuma sau biyu ko uku da muka je mun tarar da shi cike, ba wurin tono. Sannan hidimar gasar ƙwallon duniya ta taso. Aka ɗauke bas ɗin da direbansa zuwa jigilar ma'aikata, har ran Juma'a. Wata rana na dawo daga gareji na ga gadon ƙasa ba katifa. 'Yan ɗakin suka ce kamfani ya kwashi masu wankin mota ya kai su wani sansani a arewa, inda ake tara motocin gasar. Na kira shi, muka yi magana. Ya ce wurin ba laifi, kuma in iska ta juyo yana jin ƙanshin teku, sai dai bai san hanyar zuwa ba tukuna. Ya ce in daina damuwa kada in tsufa kafin shi. Bayan wannan na sake kira, layin a rufe. Layin kamfani ne, kuma ni da wautata ban taɓa karɓar lambarsa ta gida ba, don kullum yana nan ƙasa da ni.

Lokacin gasar na shiga jirgin ƙasa na sauka a Mushairib, na taka zuwa bakin ruwa. Mutane kamar ƙasa, kowa da tutarsa, ana kiɗa ana hoto. Na bi gaɓar ina duba duk wanda ya tsuguna kusa da ruwa, ko da yake na san ba a barin kowa ya jefa ƙugiya a wurin a kwanakin. Na dawo ƙafafuna sun kumbura.

Da aka watse na tambaya a ofis, suka ce izininsa ya ƙare, kalas, wato shi ke nan, an sallame shi. Ba su san ranar ba, ko ba su ga dalilin dubawa ba. Direban ya ce wata safiya yana wucewa ta hanyar arewa ya hango wani dattijo baƙi cikin laka da gwangwani, ruwa ya janye, amma yana cikin gudu da mutane a mota, ba zai rantse shi ne ba. Na tambaye shi sau da yawa har ya fara gudun haɗuwa da ni.

Wannan ne ya sa na rubuta. In akwai wanda ya zauna a sansanin masu wankin motoci a arewacin Doha lokacin gasar, ko wanda yake ƙasar Kabi ya san wani dattijo da ya dawo daga Ƙatar bayan gasar, dogo, mai zube a kumatu, da tabon ƙayar tarwaɗa a babban yatsan dama, yana tari in ya yi sauri, ina roƙonsa don Allah ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ina so in san ko yana raye. In yana raye, a tambayar mini shi ko ya fitar da kifin kafin ya hau jirgi. In kuma bai fitar ba, kada a matsa masa, a dai gaya wa yayansa cewa akwai wani Bakatsine da ya gani da idonsa: koton da ya tono da hannunsa, kifin teku ya ci, kuma babba ne, don sai da ya durƙusar da shi.