Hannun Mai Ɗinkin Huluna

Daga rumfarta ta furanni a wata kasuwar Melbourne, Glenys tana kallon tsohuwa mai ɗinkin huluna. Ko sunanta ba ta sani ba. Siririya ce, kanta fari fat. Gobe ne babban tseren dawaki, ga wata budurwa a tsaye tana jiran a ɗinka mata gashin jimina a hularta. Sau shida tsohuwar tana kai zare bakin allura, hannun yana rawa, zaren yana kaucewa. Glenys tana zaton yatsun nan ne kaɗai ke ciyar da ita.

"Mama, ko in gwada wani wurin?" in ji budurwar.

"Tsaya, 'yata, don Allah."

Ta danne hannun da ke rawa a kan tebur, ta sake lasar zaren.