Fangalin da Anka Hana Taki

Ni fa har yau in na ji warin takin shanu da ruwa ya jiƙa, Kaka nake tunawa, mahaifin babana, sai in ji raina ya ɓaci.

Shekarun da ruwan madatsar Goronyo ya fara isowa lambunanmu, duk Wurno ba mai albasa irin tashi. Har daga Tursa ake zuwa roƙon iri wurinshi, kuma da wannan yake taƙama. Yana da tsibin taki bayan danga, tun damina yake tara shi.

Wani rani malaman gona sunka zo da farar mota. Wai bincike suke, suna auna iskar da ƙasa ke fitarwa. Sunka raba lambunmu biyu. Rabin Baffa, ƙanen babana, a zuba taki yadda sunka tsara. Rabin Kaka kuwa ruwa kawai.

"Baba, kada ka sa komi," in ji babbansu. "Ka yi muna alkawari."

"Na yi," in ji Kaka.

Ba wanda ya gaya mashi cewa nashi fangalin na kwatance ne, a bar shi da yunwa don a ga bambanci. Sukan zo su kifa bokitai bisa ƙasa, su zuƙi iska da sirinji, su tafi abinsu.

Albasar Kaka ta yi ruwan ɗorawa, ganyen sirara kamar tsinken tsintsiya. Ni ke kai mashi fura. Wata rana na ce, "Kaka, ga taki nan zube, wa zai gani?"

"Ke, mi kike cewa? Na riga na ce na yi."

Ranar nuni anka tara manoma daga Rabah da Goronyo. Kaka ya sa rigarshi ta Juma'a, a zatonshi godiya za a yi mashi. Babban malaman ya yaba fangalin Baffa, sannan ya tsallako, ya tumɓuke albasar Kaka guda, ko ƙwan zabo ba ta kai ba. Ya ɗaga ta sama, yana magana cikin lasifika: "Ku duba! Haka take zama in manomi bai bi shawara ba."

Anka kwashe da dariya. Har Baffa, wallahi da idona na gan shi.

Daga ranar ba wanda ya sake zuwa neman irin Kaka. Shi ma bai sake sauka lambu ba, kuma ya hana a taɓa takin.

Yanzu an ce malaman sun canza, suna zama da manomi su yi mashi bayani. Bara sunka nemi lambun ɗana. Na ce ya fara tambayarsu wane rabi za a bari da yunwa, kuma wa za a tsayar gabanshi.

Daminar da Kaka ya rasu, kabewa ta fito da kanta bisa tsibin nan, ta rufe danga. Duk gidan an ci. Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba.